Yuro Huɗu a Fadamar Pudasjärvi

Da hantsi tayoyin baya suka nutse. Kafin azahar laka ta danne ƙofa, Veikko ya rasa ta inda zai fita daga motar kwasar gungume.

Hunturu na uku ke nan fadamar ba ta daskare ba. A da, Janairu na kamawa ƙasa ta yi tauri kamar kwalta, a sare itatuwan fayin a kwashe. Yanzu samanta kawai ke da ƙanƙara, ƙarƙashinta taɓo.

Tun farko ya gaya wa dillalin ƙungiyar masu daji cewa wurin nan sai ƙaramar mota mai faffaɗar sarƙa a ƙafafu. Dillalin ya ce magadan da ke da dajin sun duba, ƙaramar ta fi tsada da yuro huɗu a kowace mita ta katako, don haka babbar suke so. Veikko bai ƙi ba. Motar da ke ajiye ba ta ciyar da kowa.

Ya buga waya ya nemi taimako, ya zauna da ragowar kofi mai sanyi, yana jin motar tana ƙara karkacewa.

Marjatta ce ta zo, mai ƙaramar mota guda ɗaya tak a yankin, wadda tun lokacin kaka maƙwabta ke layin hayarta. Ba ta tambayi hanya ba. Ta kewaye tsohon magudanar da ƙanƙara ta rufe, ta tsaya ta daɗe tana kallon saiwoyin da tayoyinsa suka yayyaga.

Tana shimfiɗa rassa a ƙarƙashin tayoyin, shi kuma yana zazzaga masifa ta taga. Ya ce masu dajin marowata ne, suna can birni suna ɗumama ƙafa, sun kashe itatuwan shekara sittin saboda canjin aljihu.

Sai da ta fizgo shi kan tudu ya sauko, ya ce mata:

"Don Allah in kin san su, ki ce na ce sun ji kunya."

Marjatta ta kwance sarƙar da ta ja shi da ita, ta naɗe.

"Sun ji, Veikko, ina cikinsu. Tawa ta fi kawo kuɗi a dajin mutane, shi ya sa na ɗauko taka mai araha ta shiga nawa."