Mabiyiya a Bokiti

A Sabuwar Unguwar Juji ba a haƙa rami. A kan tsohuwar bola aka gina ta, kuma kamu ɗaya ƙarƙashin kowane tsakar gida akwai shimfiɗar roba da ta danne abin da ke ƙasa. Hukuma ta ce wanda ya huda ta, ya huda wa kowa. Mazauna sun saba, har yaba ɗumin ƙasar suke yi.

Ranar da matar ɗan Malam Tanimu ta haihu, ungozoma Iya Kande ta fito da mabiyiya a ƙwarya.

"Malam, ina za a binne? Ba a barin ta ta wuni."

Sai ya ɗauki bokiti ya nufi ma'aikatar niƙa ɓaraguzai, inda aka kwashe ɓaraguzan gidan mahaifinsa aka kai bayan rusau. A bayan ɗakin gidan nan aka binne tasa mabiyiyar, da ta ɗansa.

Ya ce wa wani ma'aikaci, "Ƙasar gidanmu nake so, ɗana. Jan bango ne, mai soro biyu."

Ma'aikacin ya sauke takunkumi. "Baba, ai injin ba ya tambayar gidan wane ne. Naku, na maƙwabta, har tsohuwar mayanka, duk an gauraya."

"To, ɗebo min daga inda ya fi ja."

Da ya dawo gida da ƙasar, Iya Kande ta tona cikin bokitin da hannu, ta binne, ta daddanna.

"Shi ke nan, jikanka ya sami asali," in ji ta. "Sai dai ranar da za ku tashi, a kula kada a manta bokitin a mota."