Ɓarawon da Ke Wanke Kwalba

Kwalbar tana kife a kan kanta, an ɗauraye ta tas. Hedley Binns ya tsaya a ɗakin katakon da ke bayan gidansa yana kallonta, kunnuwansa sun yi jajir. Satar ma ba ta ci masa rai kamar wankin ba. Mutum ya shigo maka, ya shanye guminka, sannan ya wanke kwalba ya kife kamar alheri ya yi maka. Wannan ai raini ne tsagwaronsa.

Tun da ya ajiye tuƙin bas, Hedley ba shi da abin yi sai haɗa giya. Yakan sayo gwangwanin nan da ake sayarwa da komai a haɗe, ya juye a bokiti, ya zuba ruwa da sukari, ya barbaɗa yisti, ya rufe ya jira. Giya ce mai sanyin hali, mutum ya sha ɗaya ya koma bakin aikinsa garau. Amma duk Alhamis, in ya dawo daga kulob ɗin tsofaffin direbobi, sai ya tarar ɗaya ta yi ƙafa.

Ban da mabuɗin da ke rataye a kicin, mutum ɗaya ne ke da na ɗakin, wato maƙwabcinsa Vernon, mai shayar masa da tumatir in sun yi tafiya. Tun suna samari suke tare, shi ya sa Hedley ya daɗe yana haɗiye maganar. Ranar da ta ƙi haɗiyuwa, ya tare shi a bakin shinge.

Vernon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Hedley, giyar taka da ko kyauta sai an roƙe ni? Ai ruwan wanke-wanke ya fi ta ƙarfi."

Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Matarsa Glenys ba ta taimaka ba. Ita 'yar majami'a ce ta gidi, kalmar giya ma ba ta son ji a teburinta. "Don Allah ka ƙyale bawan Allah," in ji ta, tana jefa alewar na'ana'a a baki. "Kwalba ɗaya ce fa. Ni da za a kwashe su duka da na huta da wari." Hedley ya ji kamar ya fashe. Har a gidansa Vernon ya sami mai kare shi.

To, tun da ƙarfi ake so, za a gani. Ya juye gwangwani biyu a bokiti ɗaya, ya rage ruwa, ya tula sukari ba tausayi. Yistin ya sha wuya ya mutu a rabin hanya, abin ya fito da zaƙi da danƙo kamar maganin tari. Ya zubar a magudana yana zagi. Karo na biyu gaggawa ta ci shi, ya ɗura kafin ta gama tsimuwa, kwalabe suka yi ta fashewa a ɗakin, gilashi har cikin tumatir. Yana jin tarin Vernon a bayan shinge, ya kuma rantse dariya ce.

Karo na uku ya nutsu. Ya sayo yistin da ake yin ruwan inabi da shi, mai jure barasa, ya riƙa ƙara zuma kaɗan-kaɗan, ya bar ta ta kwanta makonni. Da ya ɗanɗana, sai da ya dafa bango. Ta bi maƙogwaro sumul, ba ɗaci ba gargaɗi, amma ɗaya ta fi uku na da. Ya ɗura ta a tsofaffin kwalaben, ya sa murfi iri ɗaya, ya jera a gaba inda hannu zai fara kaiwa. Bai gaya wa kowa ba. Burinsa ɗaya ne, ya ga Vernon yana tangaɗi da rana tsaka a gaban duk mutanen layin, sai ya tambaye shi labarin ruwan wanke-wanke.

Alhamis ta zo. Ya tafi kulob yadda ya saba, amma ko rabin shayinsa bai sha ba ya juyo. Gidan shiru, Glenys ta fita da mota kai furanni majami'a kamar kowane mako. Ya leƙa ɗakin katako. Ga kwalba a kife, ruwa na ɗiga daga bakinta.

Ya jawo kujera ƙofar gida, ya harɗe hannu, ya zuba wa gidan Vernon ido. Zuciyarsa na tafasa, amma da daɗi.

Sai ga Vernon daga ƙasan layi da gudu, jakar cefane na lilo a hannunsa. Ba tangaɗi, ba layi, ƙafafunsa daram.

"Hedley, taso maza. Glenys ce, a kwanar gada."

Motar ta soke hanci a katangar dutse, furanni sun watse a titi, mutane sun yi cirko-cirko. Glenys na zaune a gefen hanya an lulluɓe ta da bargo, jini na bin goshinta. Hedley ya kutsa ya durƙusa gabanta. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan 'yar sandar da ke tsaye a kanta tana duba wata 'yar na'ura ta gwajin barasa da ta sa ta hura. Harshen Glenys ya yi nauyi, tana kuka.

"Ban gane ba, 'yata," in ji Glenys. "Kwalba ɗaya tak na sha, kamar kullum."