Rakoda a Gonar Gayya

Shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, ina ƙarami a ƙauyenmu kusa da Ƙofa, Alhaji Sule ya kira gayyar huɗa, amma ya ƙi kiran mahaifina, makaɗin gangar noma. Rakoda ya rataya a reshen ɗorawa, da kaset ɗin da aka ɗauka a situdiyo a Kano. A gaban jama'a ya ce, "Wannan ba ya gajiya, ba ya neman fura."

Kiɗan kuwa tafiya ɗaya yake yi, kamar ɗigon indararo. Kafin azahar masu garma sun yi laushi, rabin gona na nan.

Dole aka kira Baba. Ya saurari kaset ɗin, ya yi tsaki. "Wanda ya buga wannan, Alhaji, fanka ke kaɗa shi. Bai ga gadon bayan masu garma ba."

Ya rataya ganga. In ƙugun masu garma ya sage, ya sassauta kiɗa, in an hango ƙarshen kunyar huɗa, ya zabura. Da la'asar aka gama.

Har yau, Allah ya yafe mini, ina raina Alhajin nan. Amma ranar ya durƙusa cikin ƙasa a gaban Baba ya ce, "Malam Audu, na ci mutuncinka. Ka yafe mini."