Famfon Sanata Maikwano

Tun da aka haɗa famfunan kowace mazaɓa da kujerar sanatanta, ruwa ba ya zuwa sai yana zaune a majalisa. Kwanan nan famfon unguwarmu ko ɗaukewa ba ya yi.

"Inna, Sanata Maikwano ya shiryu," na ce wa maƙwabciyarmu Kande a bakin famfo.

Ta ja tsaki. "Jiya aka gan shi wurin biki a Legas. Buhun masara suka ɗora kan kujerar."

"To ai buhun ya fi shi amfani."

"'Yar nan, a dokarsu wanda ya zauna ya yi shiru ya amince. Ɗazu buhun ya amince a sayar da dam ɗinmu."

Ta miƙo bokiti. "Cika min, tun ruwan yana namu."