Saƙon Likitan Madani

Mukhtar ya cusa abin sauraro a kunne, ya danna saƙon muryar da likitan garin Wad Madani ya turo masa a kwamfuta kan cutar babansa. Shiru. Ya kashe bulutut ɗin kwamfutar, ya kunna, ya sake dannawa. Saƙon na tafiya, amma kunnensa wayam.

Dangi sun gama magana: kada tsoho ya san ciwon daji ne.

Sai ya jiyo muryar likitan daga rumfa, cikin sifikar bulutut ɗin da tsohon ke sauraron karatu da ita. Ya fita a guje, ko takalmi babu.

Tsohon na zaune, yana kurɓar gahawar jabana.

"Yaba..." Mukhtar ya kira baban.

"Kashe, ya waladi, ɗana, kada uwarka ta ji. Tun lokacin kaka na sani. Ita nake ɓoye wa."