Kujerar da Mama Ta Yanke wa Ƙafafu

"Wannan guntuwar kujera ba za ta hau dandamali ba," in ji shugaban makarantar. "Taron tunawa da Farfesa muke yi, ba wasan yara ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku Farfesarku ce, ni uwata ce. A ba ni hanya."

Sun jingina hotonta a kan wata ƙatuwar kujerar fata da ba ta taɓa zama a kai ba. Masu jawabi sun jero digirorinta na ilimin halayyar ɗan Adam, sun yabi yaran da ta warkar. Ba wanda ya ce uffan a kan kujerar da suka sha yi wa dariya, wadda ta yanke wa ƙafafu da zarto don idonta ya yi daidai da na yaro.

Na dire ta gaban jama'a, na zauna, gwiwoyina a ƙirji.

"Kuna tsammanin don 'ya'yan mutane ta yanke ta," na ce. "Da Baba ya rasu, wata yarinya ta shige ƙarƙashin tebur, ta daina magana. Kowa ya ce a jawo ta waje. Mama ta ɗauko zarto, ta sauko inda take, ta jira. Yarinyar ce take muku magana yanzu."

Ban ɗaga murya ba. Zauren ne ya sunkuyo, har shugaban.