Murfin da Inna Ta Tsana

A ƙarƙashin gado muka tsinci 'yata, kwalbar maganin hawan jinin Inna a bakinta.

Inna ta saki salati. Ni kuwa da rarrafe na jawo yarinyar.

Aikina gwada murafen kwalba a kamfanin haɗa magani, irin murfin nan da sai ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa. Mahaifiyata ba ta taɓa shiri da shi ba. Kullum da safe sai ta yi kokawa da shi, ta ja masa Allah ya isa. Ko jiya sai da ta ce in juye mata ƙwayoyin a gwangwanin alewa. Na ƙi, ta wuni tana fushi da ni.

Na ɓamɓare kwalbar daga yatsun yarinyar. Murfin ya jiƙe sharkaf da yawu, ga sawun 'yan haƙoranta a gefensa. Amma yana nan gam.

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Inna ta karɓe kwalbar, ta goge ta da bakin zaninta.

"Duk Allah ya isan da na ja maka, na janye," ta ce wa murfin, tana dariya tana hawaye.

Sai ta miƙo mini. "To, buɗe min ɗan banzan nan, lokacin shan magani ya yi."